Sojan Gayya

Duk wanda ya leƙo shagona a bakin hanyar tasha nan Bagudo ya gan ni zaune kan benci, sai ya ce Umaru ya samu sana'ar hutu: ka kunna talabijin, ka miƙa wa mutum fad, ka karɓi kuɗinka. Ku samarin yanzu kun fi kowa faɗin haka. Kuma ku ne dai kuke zuwa kuna tambayata ko wasannin nan na harbi da kwasar ganima, waɗanda ake saukewa kyauta a waya, sun cancanci mutum ya ɓata musu lokaci. Zan ba ku amsa. Amma sai kun ji yadda na same ta, don ba da arha ta zo mini ba.

Aikin farko da maigidana Malam Garba ya ba ni a Birnin Kebbi, wani fad ne da maɓallinsa ɗaya ya mutu. Fad shi ne abin da ake riƙewa hannu biyu ana dannawa. Malam Garba mai gyaran rediyo ne da ya ga na'urar gem ta shigo gari, ya sayi biyu ya ajiye a bayan shago. Ya miƙo mini fad ɗin da sukudireba. Na kwance ƙusoshi shida, ɗaya ta faɗi cikin yashi. Na ce ai biyar ma za su riƙe. Ya ce, "Ƙusa ba ta ɓacewa shagon ga. Nemo ta." Tun hantsi nake tankaɗe yashi da rariya har aka kira azahar. Da na samo ta, sannan ya nuna mini ciwon. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai 'yar roba mai baƙin ɗigo, in ɗigon ya cinye sai maɓalli ya daina ji. Ya yanko takardar azurfa ta cikin kwalin taba, kamar ƙwayar dawa, ya manna a wurin. Fad ya tashi.

Shekara uku na yi a hannunsa. Kayan aikinmu ba su cika gwangwanin madara babba ba: sukudireba ƙanana, ƙarfen narka dalma, auduga, sifirit, tsohon buroshin haƙori. Amma da su na koyi goge idon na'ura mai karanta faifai ba tare da na karce shi ba, na koyi gane faifan da zai yi gardama tun kafin a sa shi, na koyi cewa na'urar da ta tsufa in ka kifa ta kan bayanta wani lokaci sai ta ci gaba da karatu. Na koyi jin janareta da kunne, in kashe komai kafin ya yi tari ya ƙone mini talabijin.

Mu biyu ne a hannun Malam Garba, ni da Bawa, ɗan garinmu. Bawa bai taɓa narka dalma bai ƙone wani abu ba, ko waya ko yatsansa. Sai dai baki. In kwastoma ya shigo da fushi, Bawa zai yi ta zuba har mutumin ya fita yana dariya, na'urarsa kuwa tana nan a mace. Yakan ce mini, "Umaru, wanga aiki naka wahala ta. Kai na'ura kaka gyara, ni mutane nika gyara." Ina yi masa kallon malalaci. Da muka dawo gida ni na buɗe shagon gem, shi ya shiga sayar da katin waya, kuma ban ƙara sa shi a lissafin masu sana'a ba.

Akwai wata al'ada da na kafa a shagona tun farko. A lokacin katin ajiye wasa guda ɗaya gare ni, don haka ba kowa da nasa ba. Inda wani ya tsaya, nan na bayansa zai ɗora. Ɗan kabu-kabu ya tsallake mataki biyu ya tafi ɗaukar fasinja, manomi ya zo ya tsallake ɗaya, a haka har a gama wasan. Mutanen shagon suka sa masa suna gayya, don kamar noman gayya ne, hannu da yawa gona ɗaya. Shekaru muka yi a haka, bencina biyu ba su taɓa yin sanyi ba.

Sai mummunar shekara ta zo, wadda aka rufe boda. Mai ya yi wuya, masu kawo mini faifai daga tsallake suka daina zuwa. Janareta ya koma sai ranar Juma'a. Kafin in farfaɗo, manyan wayoyi sun cika aljihun mutane, kuma ga wasa kyauta a cikinsu. Nan ne Bawa ya kafa rumfa daidai tsallaken hanya, tana kallon ƙofata. Me ke cikin rumfar? Benci huɗu, faifan sola, wurin caji, da 'yar na'urar raba intanet da ya rataye a jikin gungume. Shi ke nan. Ba sukudireba, ba dalma, ba komai da sai an koya. Kowa ya zo da wayarsa ya zauna ya sunkuyar da kai, Bawa yana yawo tsakaninsu yana ba'a.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi hassada. Ba irin ta kwana ɗaya ba. Ina zaune da fad huɗu da na gyara da hannuna, kowanne maɓallinsa laushi kamar sabo, ina kallon mutanen da na koya wa riƙon fad suna tsallaka hanya. Wasu ma sai su ɗaga mini hannu, wanda ya fi zagi ciwo. In aka yi shewa a rumfar Bawa sai in ƙara ƙarar rediyona. Ina gaya wa duk mai saurare cewa abin kyauta ba wasa ba ne, shara ce. Alhali ko sau ɗaya ban taɓa buga shi ba.

Ranar da na yanke shawarar gwadawa, na sayo wata ƙatuwar waya ta hannu, mai fuska kamar allo, na rufe ƙofar shago rabi don kada a hango daga tsallake. Wasan ya ce sai an ba shi lambar waya kafin a buɗe soja, wato ɗan wasan da za ka riƙa bugawa da shi. Layina yana cikin ƙaramar wayata, kuma ban san yadda ake yi ba. Mai sanin yadda ake yi yana tsallaken hanya, na gwammace in haɗiye ƙarfen dalma da in tambaye shi. Mutum ɗaya ne bai guje ni ba a lokacin, Arzika, masunci, sa'ana, wanda kullum in ya sauke kifi yakan zo ya miƙe a bencina. Ya ciro wayarsa ya ce, "Ga lambar layina, sa ta. Ni mi nika yi da shi ban da kiran masu sayen kihi?" Saƙo ya shigo, ya karanto mini lambobin, soja ya buɗe. Daga nan ban sake tuna wannan layi ba.

Ga yadda wasan yake, ga wanda bai sani ba. Ana sauke ka a wani gari da ya rushe, da 'yar bindigar da ko gafiya ba za ta tsorata ba. Ka harbi maƙiya, duk wanda ya faɗi ya zubar da kaya: harsashi, sulke, wata bindiga. Kayan launi-launi ne. Fari tarkace ne, kore da shuɗi a lallaɓa, sai mai ruwan zinariya, wanda ba ya fitowa sai a jikin wani ƙaton dodon ƙarfe da ke ƙarshen gari. Kuma ba don ka kashe dodon zai ba ka ba. Ka kashe shi yau babu, gobe babu, jibi ya jefo maka takalmi.

Gaskiya ɗaya, akwai daɗi. Makon farko tuwona ya sha yin sanyi a kwano. Amma ban daɗe ba na gano inda aka ɗana tarkon. Ƙofar ce kyauta. In ka shiga, ko dai ka biya su gajarta maka hanya, ko ka biya da ranakunka, ga data tana tsiyaya kamar buta mai huji. Arzika ya kalle ni ina kashe dodo karo na ashirin, ya ce, "Wanga ai su na. Ka jefa taru ka ja, wata rana wofi, wata rana giwan ruwa. Bambanci, ni in na kama ana miya da shi." Mutumin da ke da gonar shinkafa ko babur ɗin haya ba zai taɓa kai wa ga bindigar zinariya shi kaɗai ba. Da na fahimci haka sai na san abin da zan yi.

Kwana biyu na yi ina haɗa wayar da talabijin, na kuma haɗa mata fad. Wayar haɗin da na samo ba ta shiga, sai da na yanke kanta na narka wani da dalma. Da hoto ya fito a babban gilashi, dodon ya cika fuskar talabijin, na buɗe ƙofa gaba ɗaya na ƙure ƙara. Wannan kam Bawa ba zai iya ba ko za a ba shi shekara. Na yanko kwali na rubuta a kai: soja ɗaya, na shago, gayya ta dawo. 'Yan kabu-kabu da hantsi lokacin da fasinja ke ƙaranci, masunta in sun sauke kifi, malaman firamare bayan an tashi, masu ɗinki da masu shago bayan la'asar. Doka biyu kawai: ba ka jefar da kayan da wani ya samo, kuma in an kashe ka sau uku ka tashi.

Suka fara tsallakowa. Da farko kallo, daga baya layi. A rumfar Bawa kowa da ƙaramin sojansa mai fararen tarkace, a wurina soja guda yana cin aikin mutum kusan talatin. Cikin wata biyu ya yi sulke shuɗi tun daga kai har ƙafa. Mutum zai tsayar da babur a ƙofa, bai ko kashe ba, ya leƙo ya ce, "Ƙaƙa sojanmu ya kwana?" kamar mai tambayar ɗan da ke asibiti. Arzika ya fi kowa zuba lokaci. Akwai ranar da ya bar kifi a kwando har ƙuda suka fara taruwa, sai da na ƙwace fad na kore shi kasuwa.

Bindigar ta faɗo a wata na huɗu, bayan la'asar, kuma a hannun wanda ya fi kowa rashin iyawa, Dikko tela, wanda ke juya jikinsa duka in zai juya soja. Dodo ya faɗi, wani haske rawaya ya tashi daga ƙasa, Dikko ya saki fad ya kama kai. Aka yi kabbara har masu shayi suka rugo suna tambayar wa ya haihu. Kwana uku shagona bai iya ɗaukar mutane ba don yawansu. Har daga Zagga da Bahindi aka zo ganin ta.

Kowa ya zo ban da Bawa. Da safe ya tsaya a bakin rumfarsa ya ɗaga murya, "Umaru, an ce kun yi sa'a. Allah shi ƙara." Ya juya ya ci gaba da sharar wurinsa. Sa'a. Wata huɗu na gumin mutum talatin, da dalmar da na narka, da dabarar da na kawo, shi ne sa'a. Ga shi kuma ko a jikinsa, don a lokacin har ya kafa rumfa ta biyu a Lolo, inda ranar kasuwa samari daga tsallaken boda ke cika masa benci. Na samu abin da nake nema, mutanena sun dawo, amma ban ƙoshi ba. So nake in ga fuskar Bawa ta canza.

Ranar kasuwar Lolo na zare wayar daga jikin talabijin, na naɗe ta a rawani, na hau babur. Ban gaya wa kowa ba. Ban tambayi ko mutum ɗaya cikin masu sojan ba.

Na tarar da rumfar maƙil, ana Dendanci ana Faransanci, kowa kai a sunkuye. Na zauna a tsakiya na kwance rawani. Sai dai a Lolo layinmu na gida ba ya da ƙarfi, wasan ya ƙi buɗewa, yana ta juya ƙawanya a fuskar waya. Wani saurayi ɗan tsallake ya ce bari ya buɗe mini nasa layin na ƙasarsu in hau, can ya fi gudu. Na miƙa hannu ke nan sai Bawa ya dafa kafaɗata.

Ya ce, "Umaru, tsaya. Layin da kab buɗe sojan ga da shi, shina hannunka?"

Na ce, "Mi ya dame ka da layina?"

"In ka hau na tsallake, gani za su yi soja ya tashi wata ƙasa. Za su ce ɓarawo na, su nemi lamba. In layin ba shi kusa, bari sai ka koma gida in zo in gani."

Da wani ne ya faɗa mini da na ji. Amma Bawa ne, a gaban mutanensa. Na ce, yadda kowa zai ji, "Tsoro kaka ji su ga abin da ba ka da shi." Na hau layin.

Wasan ya buɗe kamar zai shiga, sai ya fitar da ni. Wani rubutun Turanci ya fito. Bawa ne ma ya karanta mini, a hankali, ba dariya a muryarsa. Sun rufe soja, sun aika lamba zuwa layin da aka buɗe shi da shi, sai an sa ta. Ko ƙyallin bindigar babu wanda ya gani a rumfar nan. Na naɗe wayata na fito, ina jin idanu a bayana.

Ban tsaya ko'ina ba sai bakin gulbi, inda Arzika ke gyaran taru. Na ce ya ba ni wayarsa, saƙo ya shigo. Ya ɗago kai ya ce, "Wace? Wadda taf faɗa ruwa tun damina?" Na ce to layin fa? Ya ce layin ya bi ta. Na ce a je a dawo da shi. Ya ajiye taru ya dube ni sosai. "Ba sunana ad da shi ba. Wani baƙon masunci yab bar min shi da za shi koma garinsu. Ko inda yake ban sani ba. Umaru, mi ya faru ga sojanmu?"

Mun je ofishin masu layin, suka ce sai mai sunan ya zo da kansa, kuma gaskiyarsu ne. Wani malamin firamare ya rubuta wa masu wasan saƙo har sau uku. Amsa ɗaya ake dawo mana da ita: a sa lamba.

Babu wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da na fi samun sauƙi. Na tara masu sojan na faɗi abin da na yi, ban rage komai ba.  Dikko tela ne kawai ya yi magana. Ya ce, "Da ka tambaye mu, Umaru, da mun raka ka." Na ce a buɗe sabo, wannan karon da layina. Suka ce to. Amma washegari 'yan kabu-kabu ba su zo da hantsi ba, kuma da la'asar na hangi Arzika zaune a bencin Bawa a tsallaken hanya.

To ga amsarku. Ku buga, akwai daɗi, kuma in kuna da yawa kuna shiri ya fi daɗi. Amma ku san cewa faifan da na saya da kuɗina, ko ya karce, nawa ne, ina iya goge shi in lallaɓa shi ya tashi. Sojan kyauta aro ne. Ka yi masa bauta wata huɗu, ranar da masu shi suka rufe ƙofa ba ka da sukudireban da zai kwance ta. Wanda bai iya jure wannan ba, ya bar shi tun daga ƙofa.

Bayan mako biyu Bawa ya tsallako, karo na farko tun da ya kafa rumfa. Ya yi sallama, ya zauna a bencina, ya tambayi iyali. Sannan ya ce mutane sun matsa masa a yi gayya a wurinsa, ya sayi talabijin da babbar waya, amma haɗin ya gagare shi. "Kai ka iya, Umaru. Garin ga babu wani." Yau in kun je za ku ji ana kiran abin dabarar Bawa, har kwali ya rataye irin nawa. 

Na ɗauki kayan aikina na tsallaka. Ina yanke wayar haɗin, zuciya tana ce mini in sa dalma kaɗan, yadda bayan wata guda hoto zai riƙa ɗaukewa. Hannuna ya ƙi. Na narka ta yadda aka koya mini, na ja ta da ƙarfi ban ga ta motsa ba. Hoto ya fito tas, aka yi shewa.

Ina tattara kaya sai Arzika ya matso da wata 'yar sarƙa, irin wadda yake ɗaure jirginsa da ita, da ƙaramin kwaɗo. Ya ce sun yi shawara, suna so a yi wa wayar gida na ƙarfe a ɗaure ta a jikin gungume, don kada wani ya ɗauke ta ya tafi da ita wani wuri. Bai kalle ni ba da ya ce wani. Sauran ma kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Na karɓi sarƙar. Na lanƙwasa gwangwani na yi gidan, na huda gungume, na ɗaure, na datse kwaɗon, na gwada shi sau biyu. Makulli biyu ne. Na miƙa su, Arzika ya ɗauki ɗaya, Bawa ya ɗauki ɗaya.